Hormuzd Rassam, ɗan Mosul da ya tono Ninawa, birnin Annabi Yunusa

Ranar 24 ga watan Yulin 2014, mayaƙan Da'ish suka kori mutane daga masallacin Nabi Yunus da ke gabashin birnin Mosul, a arewacin Iraƙi, suka dasa nakiyoyi suka tarwatsa shi. Cikin awoyi kaɗan hotunan ƙurar da ta tashi suka zagaya duniya. Mutanen Mosul, Musulminsu da Kiristansu, sun daɗe suna riƙe da cewa kabarin Annabi Yunusa (AS) a wannan wuri yake. Tudun da masallacin ke kai kuwa ɓaraguzan gine-ginen sarauta ne na tsohon birnin Ninawa, wanda Littafi Mai Tsarki na Kirista ke kira Nineba, suka rushe suka taru har suka zama tsauni.

Birnin ya yi fiye da shekara 2,400 a binne. Turawan da suka tono shi a ƙarni na 19 sunayensu na nan cikin littattafan makaranta: Botta da Place na Faransa, Layard da Rawlinson na Ingila. Akwai na biyar, wanda aka haifa a tsallaken kogin Dijla, ya tashi yana hangen tudun tun yana yaro. Sunansa Hormuzd Rassam. Da yawa daga cikin kayan da gidan tarihin Birtaniya ke tinƙaho da su a Landan ta hannunsa suka fito daga ƙasa, amma ya mutu ana kallonsa a matsayin shugaban lebura.

Garin da ya tuba

Duk wanda ya yi karatun sira ya taɓa cin karo da sunan Ninawa, ko da bai riƙe shi ba. Lokacin da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah (SAW) har ya fake a gonar Utba da Shaiba, ƴaƴan Rabi'a, sai suka aiko masa da inabi ta hannun wani bawansu Kirista mai suna Addas. Da aka tambayi Addas garinsu ya ce Ninawa, Manzon Allah ya shaida masa cewa garin Yunusa ɗan Matta ke nan, annabi ɗan uwansa. Bawan ya cika da mamakin yadda mutumin Makka ya san wannan suna, ya duƙa yana sumbatar kansa da hannuwansa.

Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba, malaman tafsiri ne suka bayyana cewa Ninawa ce ta ƙasar Mosul. Abin da ya bambanta mutanen Yunusa da na Nuhu ko na Luɗu shi ne sun yi imani kafin azaba ta sauka, aka ɗauke musu ita. Yahudawa suna karanta labarin a ranar azuminsu mafi girma. Kiristocin Iraƙi kuma har gobe suna azumin kwana 3 da suke kira roƙon mutanen Ninawa, sati 3 kafin babban azuminsu, kuma cocin Masar da na Habasha su ma suna yin sa. Ƙalilan ne garuruwan da addinai ukun suka haɗu a kan labarinsu haka.

Ninawa ta tarihi kuwa fuskarta daban. Babban birnin daular Assuriya ce, daular da maƙwabtanta suka sani da yaƙi da kwashe al'umma sukutum daga ƙasarsu. Sarki Sennakerib, wanda ya hau mulki a shekara ta 705 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya mai da ita hedkwata. Ya kewaye ta da ganuwa mai tsawon kilomita 12, ya janyo mata ruwa daga duwatsun arewa ta magudanai da gadoji na dutse. Faɗin birnin ya kai hekta 750. Daga nan ne ya fita a shekara ta 701 ya ci garin Lakish, ya tsare sarki Hezekiya a cikin Ƙudus. Ɗansa Esarhaddon da jikansa Ashurbanipal suka kai yaƙi har Masar, inda suka gwabza da Taharka, fir'aunan da asalinsa daga Kush yake, a Sudan ta yau.

A shekara ta 612 Babilawa da Mediyawa suka haɗa kai suka ci birnin suka cinna masa wuta. Da yake yawancin ginin na tubalin laka ne, ruwan sama da iska suka gama sauran aikin. Wanda ya ga yadda tsohuwar ganuwar Birni a Damagaram ke narkewa damina bayan damina ba ya buƙatar dogon bayani. Bayan shekara 200 kacal, da sojan Girka Zenofon ya ratsa ta wurin da rundunarsa, kufai ya tarar, kuma sunan Ninawa bai fito a labarinsa ba. Manyan tuddai biyu suka rage: Kuyunjik da Nabi Yunus.

Mai biyan lebura

An haifi Hormuzd Rassam a Mosul a 1826, lokacin garin na ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Gidansu na Kiristocin Kaldiyawa ne, masu ibada da harshen Suriyanci. Yayansa, Christian Rassam, shi ne mataimakin ƙaramin jakadan Ingila a Mosul, kuma Baturiya yake aure. A wannan gida Hormuzd ya koyi Ingilishi, ya haɗa da Larabci da Suriyancin da ya tashi da su. Daga baya ya bar cocin iyayensa ya koma na Ingila.

Faransawa ne suka fara sa gatari. A watan Disamban 1842 jakadansu a Mosul, Paul-Émile Botta, ya fara haƙa a Kuyunjik. Bai samu abin kirki ba, sai ya koma wani ƙauye da ake kira Khorsabad, arewa da garin, inda a 1843 ya ci karo da fadar sarki Sargon na 2. Manyan bijimai na dutse masu fukafukai da kan mutum da ya kwaso su ne aka buɗe wa zaure na musamman a gidan tarihin Louvre na Paris a 1847. Ingila ta ji haushi. A lokacin ƙasashen biyu gasa suke a kan komi, daga mashigar ruwa har gumaka.

A watan Nuwamban 1845 wani matashin Bature mai yawon duniya, Austen Henry Layard, ya fara haƙa a Nimrud, kudu da Mosul, da kuɗin da jakadan Ingila a Istambul ya ba shi daga aljihunsa. Yana buƙatar wanda zai riƙe masa kuɗi, ya biya ma'aikata, ya raba faɗa. Aka ba shi Hormuzd, yana da shekara 20 ko ƙasa da haka. Aikin ya fi ƙarfin lissafi. Masu haƙar Larabawa ne makiyaya da Kiristocin duwatsu, ga shehunan ƙabilu masu neman nasu rabo, ga gwamnan Turkawa mai zargin cewa zinariya ake tonowa. Yaron ya iya da kowa. Layard kansa bai taɓa ɓoye cewa babban ɓangare na nasararsa daga nan yake ba, kuma abotar da suka ƙulla ta kai har mutuwarsa a 1894.

A 1847 Layard ya tafi da shi Ingila, ya sa shi karatu a kwalejin Magdalen ta Oxford. Wata 18 kawai ya yi aka kira shi ya koma fagen aiki. Daga 1849 zuwa 1851 su biyun suka tono fadar Sennakerib a Kuyunjik: ɗakuna 71, bango lulluɓe da sassaƙen dutse da tsawonsa ya kusa kilomita 3, ciki har da hoton cin Lakish da Littafi Mai Tsarki ya ambata. Wannan ya girgiza Turai, domin mutane sun ga labarin da suke ji a coci an zana shi da hannun abokan gabar. Kayan kuma a kan kogi aka tura su Basra, bisa katakai da aka ɗaure kan fatun awaki da tumaki da aka hura wa iska kamar salka.

Dare uku a watan Disamba

Layard ya koma gida ya shiga siyasa. A 1852 gidan tarihin Birtaniya ya miƙa wa Rassam aikin, yana da shekara 26, ƙarƙashin kulawar Henry Rawlinson da ke zaune a Bagadaza. Fiye da shekara guda yana haƙa nan da can bai samu wani babban abu ba, kuɗi na ƙarewa. Zuciyarsa na kan kusurwar arewa ta Kuyunjik. Matsalar ita ce Rawlinson ya riga ya bar wa Victor Place, magajin Botta, wannan ɓangare, shi kuma Place hankalinsa na Khorsabad, bai taɓa wurin ba.

Akwai wata al'ada tsakanin masu haƙar: wanda ya fara gano fada, shi ke da ita. Rassam ya yi lissafinsa. A daren 20 ga Disamban 1853 ya zaɓi amintattun ma'aikatansa, suka hau tudun da hasken farin wata, suka yi haƙa har asuba suka watse. Daren farko ba a samu abin a zo a gani ba. Dare na biyu suka taɓo gindin bango. A dare na uku ƙasa ta zabtare daga jikin wani faffaɗan dutse, sai ga sarki tsaye cikin keken doki zai fita farauta. Fadar Ashurbanipal ce, babban sarki na ƙarshe na Assuriya. Kafin Place ya iso daga Khorsabad labari ya cika Mosul, jama'a na tururuwa. Ya yi ƙorafi, amma aikin gama ya gama.

Ko da wane suna aka kira abin da Rassam ya yi, ketare yarjejeniya ne. Sai dai yarjejeniyar kanta abin dubawa ce: baƙi biyu ne suka raba tudun garinsu tsakaninsu, shi ɗan garin sai da ya saci dare kafin ya taɓa shi. Kuma da Faransawa ne suka kwashi kayan, da wuya a ce suna nan. A watan Mayun 1855 aka kai wa ayarin jiragen Place hari a kusa da Ƙurna, akwatuna fiye da 200 suka nutse a kogi, har yau ba a ciro su ba.

Sassaƙen farautar zakuna da ya fito daga wannan fada ana lissafa shi cikin mafi kyawun abin da hannun ɗan Adam ya sassaƙa a zamanin da. Akwai zakanya da kibau suka karya wa baya, tana jan ƙafafunta na baya, bakinta a buɗe. Amma abin da ya fi daraja shi ne wanda ke zube a ƙasan zauren: tarin alluna na yumɓu, wasu kamar tafin hannu, cike da rubutun da ake yi ta danna bakin kara a ɗanyen yumɓu. Layard ma ya samu irinsu a fadar Sennakerib. Idan aka haɗa, alluna da gutsattsari kusan 30,000 ne, ragowar ɗakin karatun da Ashurbanipal ya tara: magani, taurari, addu'o'i, ƙamus, wasiƙu, yarjejeniyoyi. Wutar da ta cinye birnin ita ta gasa da yawansu kamar tukwane, suka daɗe.

Rassam bai iya karanta su ba. Ya zuba su cikin akwatuna ya aika Landan, inda nasa da na Layard suka cakuɗe. Sai bayan shekara 19 wani mai suna George Smith, wanda ya koya wa kansa wannan rubutu, ya gano abin da ke jikin ɗaya daga ciki. Ranar 3 ga Disamban 1872 ya karanta shi gaban taro a Landan, firaminista Gladstone na zaune. Labarin ruwan ɗufana ne: mutumin da aka gargaɗa ya sassaƙa jirgi, ya ɗauki iyalinsa da dabbobi, jirgin ya tsaya kan dutse, ya saki kurciya, ya saki tsattsewa, ya saki hankaka. Wani yanki ne na labarin Gilgamesh, ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan adabi na duniya. Masu addini suka ce ga shaidar labarin Annabi Nuhu (AS) daga bakin wata al'umma, masu shakka suka fassara shi yadda ya yi musu. Sunan Smith ya cika jaridu. Wanda ya tono fadar ba a cika tuna shi ba.

Mari a Magdala

A 1854 Rassam ya bar haƙa ya karɓi aikin gwamnatin Ingila a Aden, a kudancin Yaman, inda ya fara da tafinta ya kai ga alƙalanci da sasanta sarakunan yankin. Yana can wata rigima ta taso a tsallaken Bahar Maliya.

Sarkin Habasha, Tewodros na 2, ya rubuta wa sarauniya Victoria wasiƙa a 1862 yana neman ƙawance. Wasiƙar ta kwanta a ofis a Landan ba amsa. Sarkin ya ɗauki wannan a matsayin raini, kuma da gaskiyarsa. A farkon 1864 ya kama ƙaramin jakadan Ingila, Charles Cameron, ya haɗa shi da wasu ƴan mishan ya ɗaure. Aka rasa wanda za a aika sai Rassam. Ya sauka Massawa a watan Yulin 1864 da amsar sarauniya a hannu, ya yi fiye da shekara yana jiran izinin shiga. Da izinin ya zo, sai da ya zagaya ta Kassala da Metemma, ta gabashin Sudan, kafin ya isa sansanin sarkin a watan Janairun 1866, tare da likita Henry Blanc da wani hafsa, Prideaux.

Da farko komi ya tafi daidai. Tewodros ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba da umarnin a saki fursunonin. Har sun kama hanya a watan Afrilu sai ya sake shawara, ya sa aka kamo su duka, har da manzon. Daga watan Yuli aka kai su Magdala, wani tsauni mai kai a baje, aka sa musu mari a ƙafa. Kusan shekara 2 suka yi a haka. Abin mamaki, sarkin bai daina aiko wa Rassam gaisuwa da kyauta ba, yana kiransa aboki, shi kuma yana amsawa da ladabi. A Landan wasu suka kira wannan ragwanci. Amma mutum ne da ya tashi ƙarƙashin gwamnonin Turkawa, ya san yadda ake magana da mai iko idan ransa ya ɓaci, kuma duk Turawan da aka aike shi dominsu da ransu suka sauko daga tsaunin.

Ingila ta turo janar Robert Napier daga Indiya da soja kusan 13,000 da giwaye 44. Ranar 10 ga Afrilun 1868 aka yi karo a Aroge, bindigogin zamani suka karkashe mayaƙan Habasha. Washegari sarkin ya saki Rassam da wasu daga cikin fursunonin. Ranar 13 ga wata sojojin suka hau Magdala, Tewodros ya harbe kansa don kada a kama shi. Abin da ya biyo baya wawaso ne: kambuna, gicciye na zinariya, ɗaruruwan littattafan fata, da allunan coci masu tsarki. Har ɗan sarkin, Alemayehu, aka tafi da shi Ingila, inda ya rasu a 1879 aka binne shi a Windsor. Habasha har yanzu tana neman a mayar mata da kayan. A 1869 Rassam ya fitar da labarin tafiyar cikin littafi mai juzu'i 2, ya auri wata Baturiya, Anne Eliza Price, ya zauna Ingila.

Komawa gida da izinin Sultan

George Smith ya rasu a Halab a 1876 yana kan hanyar dawowa daga Ninawa, gidan tarihin ya sake waiwayar Rassam. An yi sa'a Layard ya zama jakada a Istambul a 1877, ya samo masa takardar izini daga Sultan Abdulhamid na 2 mai ba shi damar haƙa a wurare da yawa lokaci guda. Daga 1878 zuwa 1882 ya yi ta kai da kawowa tsakanin Mosul, Bagadaza da tafkin Van.

A Balawat, kusa da Mosul, ya fito da faifan tagulla da suka ƙawata wata ƙatuwar ƙofa ta sarki Shalmanesar na 3, duk da tirjiyar mutanen ƙauyen da ke da kaburbura a kan tudun. A Babila, a watan Maris na 1879, ma'aikatansa suka tono wani dunƙulen yumɓu mai siffar ƴar ganga, ɗauke da sanarwar sarki Sairus na Farisa bayan ya ci birnin a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ne Sairus ɗin da Littafi Mai Tsarki ya ce ya bar Yahudawa su koma Ƙudus. Iran tana ji da wannan yumɓu ƙwarai, kuma tun 1971 akwai kwafinsa a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1881 kuma, a wani tudu da ake kira Abu Habba, ya gano tsohon birnin Sippar da ɗakin bautar rana da dubun-dubatar alluna. Tudun Nabi Yunus ne kawai ya gagare shi. Masallaci da maƙabarta da gidajen jama'a na kai, hukuma da mutanen unguwar ba su yarda a huda ƙarƙashinsu ba.

A nan ne masu sukarsa ke da abin faɗa, kuma ba ƙarya suke ba. Ya buɗe ramuka a wurare masu nisan kwanaki tsakaninsu, ya bar wakilai suna kula, bai rubuta dalla-dalla inda aka samu kowane abu ba. Alluna da yawa da ba a gasa ba sun marmashe da suka sha iska. Masanin da ke wannan aiki a yau zai riƙe baki. Sai dai Layard da Botta ma haka suka yi, kuma abin da Landan ta aike shi yi ke nan: ya cika akwatuna kafin wasu su riga shi. Izininsa ya ƙare a 1882 ba a sabunta ba. A 1884 Osman Hamdi Bey, shugaban gidan tarihin Istambul, ya sa aka kafa dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga daular.

Fam 50

Bayan tafiyarsa, alluna daga wuraren da ya haƙa suka fara bayyana a hannun dillalai a Bagadaza da Landan. Gidan tarihin ya aika wani ma'aikacinsa mai tasowa, Wallis Budge, ya bincika. Budge ya dawo yana yaɗa cewa masu gadin da Rassam ya naɗa, da danginsa, su ke sayar da masu kyau, tarkace kawai aka aiko wa Ingila. Ya faɗi haka har a gaban Layard. Ga mutumin da ya yi wa ƙasar nan hidima shekara kusan 40, ya sa mari dominta, wannan zargin sata ne tsirara.

Rassam ya nemi a ba shi haƙuri yadda ya kamata, bai samu ba, sai ya kai ƙara. A 1893 kotu a Landan ta saurari shari'ar. Layard, da tsufansa, ya tsaya masa. Manyan gidan tarihin suka tsaya wa nasu. Rawlinson kuwa ya daɗe yana nuna cewa shi ne mai aikin fadar Ashurbanipal, Rassam mai kula da masu haƙa ne kawai. Kotu ta ba Rassam gaskiya, ta ce a biya shi fam 50, kuɗin da ko kusa ba su kai nauyin zargin ba. Budge ya samu ƙarin girma a shekara mai zuwa, ya zama shugaban sashen kayan Masar da Assuriya, ya riƙe kujerar shekara 30, daga baya ma aka ba shi sarautar Sir. Rassam kuwa aka rufe masa ƙofa. Sunansa ya yi ta ɓacewa daga bayanan kayan da ya tono. Littafin da ya rubuta kan haƙe-haƙensa, Asshur and the Land of Nimrod, sai a Amurka aka buga shi a 1897.

Ba a buƙatar dogon nazari kafin a gane abin da ya faru. Ya karɓi addininsu, ya auri ƴarsu, ya sa tufafinsu, yana alfahari da sarauniyarsu. Ranar da maganarsa ta yi karo da ta Bature, sai aka tuna masa cewa shi ɗan Mosul ne. Sai bayan shekara 100 cif, a 1993, wani masani na gidan tarihin, Julian Reade, ya bi takardun ya fitar da nazarin da ya mayar masa da haƙƙinsa.

Ya rasu ranar 16 ga Satumban 1910 a Hove, kusa da Brighton, a gaɓar tekun kudancin Ingila, a can aka binne shi. Marin da ya sa a Magdala an ba gidan tarihin garin.

Tambayar ko ceto ya yi ko kwasa ta sake tasowa da zafi a 2015, lokacin da Da'ish ta farfasa kayan gidan tarihin Mosul da guduma, ta huda fuskar bijimin ƙofar Nergal ta Ninawa, ta tashi fadar Nimrud da nakiya. Masu kare Landan suka ce da ba a kwashe ba da yanzu babu. Ƴan Iraƙi da dama suka amsa cewa yaron Mosul da ke son ganin zakunan Ashurbanipal sai ya nemi biza, kuma rikicin da ya haifi Da'ish ya biyo bayan mamayar 2003 ne, wadda Ingila na cikin waɗanda suka yi ta.

Da sojojin Iraƙi suka ƙwato gabashin Mosul a watan Janairun 2017, sai aka tarar mayaƙan sun haƙa ramuka a ƙarƙashin kufan masallacin Nabi Yunus suna neman abin sayarwa. A cikin ramukan masana suka ga bijimai masu fukafukai da rubuce-rubucen sarki Esarhaddon, wato ginin da Rassam ya so ya kai gare shi aka hana shi. Masu bincike na jami'ar Heidelberg ta Jamus da hukumar kayan tarihi ta Iraƙi suna aiki a Ninawa tun 2018. A watan Mayun 2025 suka sanar da cewa a zauren gadon sarautar Ashurbanipal, cikin fadar nan ta dare uku, sun tono wani sassaƙe mai tsawon mita 5 da rabi da nauyin tan 12, mai hoton sarkin tsakanin gumakan Ashur da Ishtar. An binne shi ne cikin wani rami tun zamanin da, shi ya sa masu haƙar ƙarni na 19 suka wuce ba su gan shi ba. Shirin da aka yi da hukumomin Iraƙi shi ne a mayar da shi mazauninsa a kan tudun Kuyunjik, a buɗe wa jama'a.